Takardar Biya: Tarihin Yadda Ma'aikaci Ya Samu Ikon Ganin Lissafin Guminsa

Ranar 1 ga Janairun 2026 wata sabuwar doka ta fara aiki a jihar Oregon ta ƙasar Amurka. Dokar ta ce duk ubangidan da ya ɗauki ma'aikaci, tilas ya ba shi bayani a rubuce tun lokacin ɗauka: yaushe za a riƙa biyansa, waɗanne irin kuɗi zai iya samu, mi da mi za a iya cirewa daga ciki da dalilin kowace cirewa, sa'an nan da fassarar haruffa da lambobin nan da akawu ke zubawa bisa takardar biya. Kowace shekara kuma sai an sabunta bayanin. Oregon ba ita kaɗai ba ce. Jihar Meriland ta yi tata a Oktoban 2024, Ilinoi a Janairun 2025, Ohayo kuma a Afrilun 2025.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa, to, mi ya kai ƙasa mai arziki irin Amurka tana kafa doka sai yanzu don a gaya wa mutum yadda aka lissafa albashinsa? Tambayar da na yi wa kaina kenan, ita ce kuma ta sa na bi tarihin wagga ƴar takarda, wadda ma'aikatan bariki a nan ke ce wa biltan, suna ɗaya da biltan ɗinmu na lakwal. Abin da na gano shi ne, takardar biya ba kyautar wani biro ba ce. Da rigima aka samo ta, mataki bayan mataki, kuma kowane mataki yana amsa tambaya guda: tsakanin mai aiki da mai biya, wa ke riƙe da ma'auni, wa ke riƙe da littafi? Hanyar ta bi ta Faransa da Ingila, ta ratso ƙasarmu a 1952, kafin ta kai ga jihohin Amurka na yau.

Lokacin da maganar ubangida ce shaida

Mu fara daga Faransa, tunda dokokinmu na aiki can tushensu yake. A 1804 Napoleon ya fito da babban kundin dokokin zaman jama'a. Cikinsa akwai aya ta 1781, wadda ta ce in gardama ta tashi tsakanin ubangida da baransa kan yawan lada, ko kan an biya kuɗin bara ko ba a biya ba, ko kan abin da aka ba da na kafin alƙalami, to maganar ubangida alƙali zai ɗauka. Ya faɗa, an gama. Wuƙa da nama duk suna hannunsa, doka kuma ta tsaya bayansa. Sai ranar 2 ga Agustan 1868 aka soke wannan aya, wato ta yi shekara 64 tana aiki.

Kada a ɗauka ma'aikacin wancan zamani ba ya da takarda. Yana da ita, amma ta tsaronsa ce. Tun 1803 aka ɗora wa leburori wani ɗan littafi da ake rubuta inda mutum ya yi aiki da bashin da ubangida ke bin shi. Littafin a hannun ubangida yake zama, kuma wani ba zai ɗauke ka ba sai na farko ya sa hannu cewa kun rabu lafiya. Wanda aka kama yana tafiya ba littafi, ɗan yawon banza ake ɗaukar shi. Sai a 1890 aka kashe wannan littafi. Kun gani, takardar farko da aka haɗa ma'aikaci da ita tana nuna abin da ake bin shi, ba ta cewa komi kan abin da shi yake bi.

Kanti, sikeli da ƙyalle

A Ingila, inda masana'antu suka fara bunƙasa, cutar ta ɗauki wata kama. Masu ma'adinai da masu masaƙu da yawa ba su biyan kuɗi tsaba. Kaya suke ba ka, ko wasu ƴan kwabbai nasu na kansu waɗanda ba su ciyuwa ko'ina sai a kantin kamfani, inda gari da man shanu suka fi na kasuwa tsada. Ubangida ya ba ka da hannun dama, ya karɓe da na hagu. A 1831 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ce ma'aikatan sana'o'i da dama, da kuɗin ƙasa za a biya su. Wannan shi ne mataki na farko: a biya ka da abin da za ka iya ƙirgawa.

Mataki na biyu a bakin ramin kwal aka yi shi. Mai haƙar kwal bisa nauyin abin da ya haƙo ake biyansa. To amma shi yana can ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, amalankensa kuma a sama ake auna shi, mai awon yaron kamfani ne. In an ce akwai duwatsu cikin kwal ɗinka, sai a soke amalanken duka, kwal ɗin kuwa a sayar. A 1860 doka ta yarda masu haƙa su zaɓi mutum guda daga cikinsu, su riƙa biyansa daga aljihunsu, ya tsaya gindin sikeli yana rubuta nauyin kowane amalanke. Masu ramuka suka samu dabara: tunda doka ta ce sai ma'aikacin wurin, sai su kori wanda aka zaɓa, shi kenan ya tashi daga zama ma'aikacin wurin. Sai da aka sake gyara dokar a 1872 da 1887 kafin mai sa ido ya tsaya da ƙafarsa. Da yawa daga shugabannin sandikar masu haƙar kwal na Ingila daga gindin sikelin nan suka taso, don aikin yana son wanda ya iya lissafi, kuma ba ya tsoron idon manaja.

Duk wanda ya tashi a Maradi ko Damagaram ya san wannan magana ko da bai taɓa ganin ramin kwal ba. Tsofaffinmu da suka kai gujiya kasuwa zamanin cinikin gujiya har yau suna ba da labarin sikeli: buhu naka, wahala taka, amma allura da alƙalami na mai saye. Shi ya sa uwayenmu in za su sayi hatsi sukan tafi da tasu tiya.

Mataki na uku na masu saƙa ne. A masaƙun auduga na arewacin Ingila bisa tsawon ƙyalle da irin zarensa ake biya, kuma manaja kaɗai ya san ainihin tsawon da aka ɗora wa mutum. Ana iya ƙara tsawo a bar farashi yadda yake. A 1891 dokar masana'antu ta ce tilas a ba mai saƙa bayanin aikin da aka ba shi yadda zai iya lissafa kuɗinsa da kansa, a 1895 kuma aka faɗaɗa ta. Shekara guda bayan haka, a 1896, wata doka ta ce duk tarar da za a cire wa ma'aikaci sai an ba shi bayaninta a rubuce. A ganina nan ne aka haifi takardar biya, ko da ba a raɗa mata suna ba tukuna. Ma'anarta ita ce, lissafin da ke cikin littafin ubangida a fito da shi a miƙa wa mai shi.

Faransa ta biyo baya a hankali. A 1909 ta tilasta biya da kuɗin ƙasa kuma a kan lokaci, a 1910 ta hana kantunan ubangida, sai dokar 4 ga Maris 1931 ta kafa biltan ɗin biya. Ba banza ta zo a lokacin ba: tun 1930 aka fara cire wa ma'aikata kuɗin inshorar rashin lafiya da tsufa daga albashi. Da zarar an fara taɓa kuɗin mutum kafin su shiga hannunsa, dole a nuna mai nawa aka taɓa, aka kai ina. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1949, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 95 kan kare albashi. Aya ta 14 ta ƙunshi abu biyu: a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan albashinsa kafin ya kama aiki, kuma a sanar da shi bayanin lissafin duk lokacin da aka biya shi, ta hanyar da zai gane. Ku riƙe wannan kalma ta ganewa, za mu komo kanta.

Yadda ta iso gare mu

Dokar 1931 ta Faransa ba ta tsallako teku ba. Lokacin da ma'aikacin birnin Paris ke karɓar biltan, kakanninmu aikin tilas suke yi. Kumandan ya aiko wa sarki, sarki ya aiko wa maigari, a tara maza a tafi gyaran hanya ko ɗaukar kaya ko ginin bariki. Wanda ba a tambayi yardarsa ba, wa zai tsaya yi mai lissafi? Sai ranar 11 ga Afrilun 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, dapiten Kodebuwa a majalisar Faransa.

Soke tilas abu guda ne, kafa dokar aiki kuma wani abu ne daban. Shekara shida aka yi ana jan ƙafa a Paris, ƴan kasuwar mulkin mallaka suna cewa wai baƙar fata bai kai a yi mai doka irin ta Bature ba. Ma'aikatan Afirka ba su zauna jira ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki daga 10 ga Oktoban 1947 har 19 ga Maris 1948, wata biyar da kwanaki, suna neman a yi musu tsari ɗaya da Turawan da suke aiki tare. Ranar 3 ga Nuwamban 1952 kuma sandikoki suka kira yajin gama-gari na kwana guda a duk ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa, don majalisa ta bar wasa da dokar. Mako shida bayan haka, ranar 15 ga Disamban 1952, aka sa hannu kan kundin dokar aiki na ƙasashen ƙetare.

An fi tuna wannan kundi saboda mako mai awa 40, da hutun shekara, da ƴancin kafa sandika, da maganar aiki ɗaya albashi ɗaya. Ni kuwa ɓangaren biya ne ya fi ɗaukar mini hankali, don wanda ya tsara shi ya san halin da lebura ke ciki. Ya ce da kuɗin ƙasa za a biya. Ya hana biya a mashaya ko a kanti, sai ga masu aiki a wurin. Ya ce kowane biya sai an rubuta shi a takarda, ma'aikaci ya sa hannu, in kuma bai iya karatu ba shaidu biyu su sa a madadinsa, a ajiye takardar don sufeton aiki ya gani duk ranar da ya nema. Ya ce a ba kowa biltan nasa a hannu lokacin biya. Sa'an nan ya toshe wata kafa da masu wayo ke bi: karɓar biltan ba tare da ka yi gardama ba, ba ya nufin ka yafe abin da aka rage maka. Ku gwada wannan da aya ta 1781. Cikin shekara 148 magana ta juye: da, ubangida ya faɗa a yarda, yanzu sai ya nuna takarda.

Samun doka a rubuce bai kashe rigima ba. A 1953 ma'aikatan Gine, Seku Ture na gabansu, sun yi sama da wata biyu suna yaji don a aiwatar da awa 40 ba tare da an rage musu abin da suke kai wa gida ba. A nan Nijar, cikin waɗannan shekaru ne Djibo Bakari ya yi suna a aikin sandika kafin ya zama magajin garin Yamai a 1956. Bayan samun mulkin kai, Nijar ta karɓi yarjejeniya mai lamba 95 a 1961, ta yi nata kundin a 1962, ta sake shi a 1996, sa'an nan aka yi wanda ake aiki da shi, na 25 ga Satumban 2012. Maganar biltan ta biyo dukansu.

Sai dai akwai wani rami tun daga tushe. Kundin 1952 mai albashi ya sani, wato wanda ke aiki ƙarƙashin wani don a biya shi: akawu, direba, leburan kamfani, ma'aikacin gidan waya. Waɗannan kuwa ƴan kaɗan ne ƙwarai cikin jama'a. Manomi da makiyayi da yaron da ke koyon sana'a wurin kawunsa suna waje. Wannan rami har yau bai cike ba.

Amurka: littafi na gwamnati, ma'aikaci ko oho

Yanzu mu koma inda muka fara. Amurka ma ta sha irin rigimar Ingila, har ta fi ta jini. A garuruwan kwal kamfani ke da gida, shi ke da kanti, shi ke da likita, kuma da kuɗinsa na takarda ko na ƙarfe yake biya. A Satumban 1913 masu haƙar kwal na kudancin jihar Kolorado suka shiga yaji. Cikin buƙatunsu akwai a bar su su zaɓi mai sa ido a sikeli, a bar su su yi sayayya a kantin da suka ga dama, kuma a yi aiki da dokokin jihar. Abin baƙin ciki, dokar jihar ta riga ta ba su ikon zaɓen mai sa ido, kamfanoni ne suka taka ta. Aka kore su daga gidajen kamfani, suka kafa tantuna. Ranar 20 ga Afrilun 1914 sojojin jihar da masu gadin kamfani suka buɗe wuta kan sansanin Ludlow, aka cinna wa tantuna wuta. An rasa rai wajen ashirin, cikinsu mata biyu da yara goma sha ɗaya da hayaƙi ya kashe a wani rami ƙarƙashin tanti. Babban kamfanin da ke cikin rigimar na gidan Rockefeller ne. In wani ya ce maka maganar awo ƙaramar magana ce, ka tuna mai da Ludlow.

A 1938 shugaba Roosevelt ya sa hannu kan babbar dokar aiki ta tarayya, wadda ta kafa mafi ƙarancin lada, santi 25 a awa, ta kuma sa iyaka ga awoyin mako. Dokar ta ce ubangida ya riƙe littafin awoyi da na biya, don jami'in gwamnati ya iya dubawa. Amma ba ta ce a ba ma'aikaci kofi ba. Ga inda gizo ke saƙa. Alhali tun 1937 ake cire kuɗin fansho daga albashi, tun 1943 kuma ake cire lanho kafin kuɗi su kai hannu. Har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wa kowane ubangida ba da takardar biya, kuma Amurka ba ta karɓi yarjejeniya mai lamba 95 ba. An bar maganar ga jihohi hamsin, kowace da tata. Shi ya sa ake jin sabbin dokoki suna fitowa ɗaiɗai.

Akwai jihohi masu tsanani. Kalifoniya ta jera abu tara da tilas su fito a takardar biya: kuɗi kafin cirewa, yawan awoyi, yawan aikin jinga da farashinsa, duk abin da aka cire, abin da ya rage, kwanakin da biyan ya shafa, sunan ma'aikaci, suna da adireshin ubangida, da farashin kowace awa. Wanda ya ƙi da gangan, ma'aikaci na iya karɓar diyya har dalar Amurka 4,000. Akwai kuma jihohi irin su Alabama, Misisipi, Jojiya da Folorida, inda babu dokar da ta tilasta wa kowa ba da takardar.

Abin da ya tada maganar a wannan ƙarni shi ne wani bincike da aka yi a 2008, aka fitar a 2009. An tambayi masu ƙaramin albashi 4,387 a biranen Shikago, Los Anjalas da Niyu Yok: masu wanke kwanoni, masu ɗinki, masu gadi, masu rainon yara, da yawansu baƙi. Kashi 26 cikin ɗari an biya su ƙasa da abin da doka ta kafa a makon da ya gabata. Cikin waɗanda suka yi ƙarin awoyi, kashi 76 ba a ba su kuɗin ƙarin yadda ya kamata ba. Kashi 57 kuma ba su samu takardar biya ba, alhali a jihohin ukun doka ta ce a ba su. Lambar ƙarshen nan ita ke riƙe da sauran. Wanda ba ya da takarda, da mi zai je gaban alƙali? Sai a koma 1804, maganarka da ta ubangida.

Jihar Niyu Yok ta amsa da dokar hana satar albashi, wadda ta fara aiki ranar 9 ga Afrilun 2011. Ta ce a ba ma'aikaci sanarwa a rubuce lokacin ɗauka, da Ingilishi da kuma harshensa na gida in hukumar ƙwadago ta tanadi fassara cikinsa, kamar Sifaniyanci, Sinanci ko Rashanci. Ta ce a ba shi cikakkiyar takarda duk ranar biya, a kuma ajiye littattafai shekara shida. Ƴan uwanmu da ke neman abinci a unguwannin Harlem da Bronx ƙarƙashin wannan doka suke.

Dokokin baya-bayan nan kowace da ramin da take cikewa. Ta Ilinoi ta lura cewa yanzu takardar biya cikin kwamfutar kamfani take, ranar da aka kore ka a rufe maka ƙofa, shaidarka ta tafi. Sai ta ce a ajiye takardun shekara uku, in ma'aikaci ya nema, ko da ya bar aikin, a ba shi cikin kwana 21. Ta Ohayo ta tilasta ba da takardar a karon farko, amma haƙoranta ba su da kaifi: wanda bai samu ba ya nema a rubuce, a ba ubangida kwana goma, in ya ƙi hukuma ta aiko da takardar laifi a manna a wurin aiki kwana goma. Tara babu, kunya ce kawai hukuncin. Ta Oregon kuwa ita ta fi burge ni, don ta gane cewa ana iya ba mutum takarda a kuma ɓoye mai gaskiya cikinta. Layi ashirin na gajerun haruffa da lambobi, wanda ko mai digiri sai ya yi zufa, wannan ma wani irin duhu ne. Faransa ta ga haka ita ma, shi ya sa ta rage layukan biltan ɗinta a 2017 da 2018. To kun ga mataki na huɗu: bayan kuɗi tsaba, bayan ganin sikeli, bayan takarda a hannu, sai ganewa. Kalmar nan ta 1949 ce ake cikawa bayan shekara saba'in da wani abu.

Mu fa?

In aka bi ta takarda, leburan Damagaram ya samu a 1952 abin da ma'aikacin Ohayo bai samu ba sai 2025. Amma kada mu yi saurin buga ƙirji. Masu haƙar kwal na Kolorado ma suna da doka a 1913. Mu duba kewayenmu: mai gadin gida, ƴar aiki, yaron shago, karen mota, mai ɗinki a shagon wani, malamin ƙaramar lakwal mai zaman kanta. Nawa ne cikinsu suka taɓa riƙe biltan? Ƙarshen wata a miƙo kuɗi a dunƙule, in an rage a ce ka fasa kofi, ko ka makara ran Talata, ko ai ka ci bashi kwanan baya. In ka tambayi lissafi a ce ba ka da kunya, ko ba ka yarda da mutane ba. Wanda ma ya samu biltan, da Faransanci yake, harshen da mafi yawan jama'armu ba su karantawa.

Ga misali ƙarami. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Kason ma'aikaci na Kes, wato asusun CNSS, kashi 5.25 ne cikin ɗari, wanda a jika 42 ya kama sefa 2,205. Mutum na iya yin shekaru ana cire mai wannan kuɗi, ranar da tsufa ya zo ya je neman fansho a ce sunansa bai taɓa shiga ba. Biltan mai lambar rajistarsa, wanda ya adana wata bayan wata, shi ne mai sa idonsa a gindin sikeli.

Kuma kada wani ya ce mana wannan al'adar Nasara ce. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da cewa ijara ba ta inganta sai an san lada. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, da kafa shaidu. Akwai kuma sura guda da aka saukar da gargaɗi kan masu tauye mudu. Albashin da ba a biya ba tukuna bashi ne, kuma rubuta bashi ba zargi ba ne ga kowa. Ubangida na kirki ma takardar tana kare shi, don ranar gardama ita za ta wanke shi.

Mu ɗalibai gobe wasunmu za su nemi aiki, wasu kuma su za su ɗauki ma'aikata. Wanda aka ɗauka ya tambayi sharuɗɗa a rubuce tun ranar farko, ya karanta biltan nasa layi-layi, ya adana. Wanda ya ɗauki wani, ko yaro guda ne a shago, ya sayi kaye na dala ashirin ko abin da ya kama, ya rubuta kwana nawa aka yi, nawa aka yi alkawari, nawa aka cire da dalili, ya karanta wa yaron da Hausa ko Zabarmanci, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe kofi. Kafin nan kuma, tun yau, akwai abin da ke hannunmu. Kusan kowace unguwa a Tawa, Maradi, Damagaram da Yamai akwai mai gadi ko direba da ke ninke biltan ya sa aljihu bai san abin da ke ciki ba. Masu haƙar kwal na 1860 sai da suka tara kuɗi suka biya wanda zai duba musu awo. Mu an riga an koya mana karatu da lissafi, saura mu zauna da maƙwabci ranar biya mu karanta mai tasa.